Yadda ake haɗa halitta mai yauƙi da ruwa a gem ba tare da waya ta ɗau zafi ba

Toh ɗan'uwa, na karanta tambayarka har sau biyu. In na fahimce ka daidai, gem na 2D kake haɗawa a Godot 4, injin haɗa gem, don wayar Android, akwai wata koriyar halitta mai yauƙi da ke tsalle tana bin ɗan wasa, akwai kuma kududdufin ruwan guba da bututun da ke zubo shi, kai kuma sai ka zuba RigidBody2D, wato daskararrun abubuwan da injin ke lissafa faɗuwarsu da karonsu, guda 500 kowanne da 'yar da'irarsa don su zama ruwan, waya ta ɗau zafi, gem ya koma tafiyar hawainiya, kuma duk da wannan wahala abin bai yi kama da ruwa ba, ya fi kama da an farke buhun wake a tsakar gida.

Kusan kowa da nan yake farawa, ni ma haka na yi. Amma ka ɗauki Dala ba gammo ne. Ka ce wa injin ya lissafa maka ruwa na gaskiya, alhali ɗan wasa ba ya taɓa ruwan nan da hannunsa, ido kawai yake sa masa. Yawancin ruwan da kake gani a gem yaudarar ido ce. Ka duba kwalaben gem ɗin Half-Life: Alyx da kamfanin Valve suka fitar a 2020, mutane suka yi ta jijjiga kwalba suna mamakin yadda ruwa ke motsi a ciki har da kumfa, alhali ba ko ɗigo ɗaya da ake lissafawa, duk aikin sheda ne a jikin kwalbar. Sheda ɗin nan ba ta kotu ba ce fa, ina nufin ɗan shirin da ke gudana a kan GPU, ɓangaren na'ura mai zana hoto a allo, yana faɗa wa kowane fiksel launin da zai ɗauka. In kamfani mai kuɗi irin wannan ya zaɓi yaudara, kai da ke nema wa gem ɗinka gurbi a ƙaramar Tecno ko itel me zai kai ka lissafin gaskiya?

Kafin ka taɓa kod ma, ka shiga kicin tukuna, da gaske nake. Abin da muke kira "ruwa mai yauƙi" a jumlace halaye uku ne daban, kuma Hausa ta riga ta raba mana su: kauri, yauƙi da danƙo. Zuma tana da kauri, tana gangarowa a hankali, kaurinta ya ninka na ruwa sau dubbai, amma in ka girgiza kwanonta ba ta rawa. Miyar kuɓewa ko karkashi ba lallai ta kai zuma kauri ba, amma ɗaga ludayi ka gani, zare ne zai biyo shi yana siranta yana siranta har ya tsinke, ragowar ta koma kwano da sauri, wannan shi ne yauƙi. Danƙo kuma shi ne na ƙaro ko cingam, ya manne a jiki, ka ja ya dawo. Kowanne da dabararsa a kod, kuma in ba ka yanke wanda kake so ba za ka yi ta murɗa lambobi har asuba ba ka san me kake nema ba. Ni dai in zan yi irin wannan aiki sai na ɗauki bidiyon ludayi a cikin miya da waya, a yanayin nan mai rage gudu, in kalla firem bayan firem. Minti biyar na wannan kallo ya fi min bidiyon koyarwa goma.

Bari mu fara da halittar, don ita ce mai sauƙi kuma ita ɗan wasa zai fi kallo. Ba ta buƙatar ƙwayar ruwa ko ɗaya. Hoto guda ne, sai matsewa da miƙewa, tsohuwar dabarar masu zanen katun ta Disney tun shekarun 1930. In ta faɗo ƙasa ta baje, in za ta yi tsalle ta miƙe. Ka'idar da ba a karyawa ita ce girman jikinta kada ya canza, in tsayi ya koma 0.7 to faɗi ya zama 1 a raba da 0.7, wato wajen 1.43. A 3D kuma tunda gefe biyu ne ke raba abin, kowanne zai zama wajen 1.2. Da zarar ka manta da wannan ido zai ga kamar balan-balan ce ke sacewa, ba abu mai nauyi ba. Kuma ka kai cibiyar hoton ƙasa wajen gindinta, in ka bar ta a tsakiya duk sanda ta baje sai ta tashi daga ƙasa tana shawagi, wannan kuskuren na gan shi ya fi a ƙirga.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Kada ka zana wannan motsin da hannu a AnimationPlayer, ka ɗora shi a kan sifirin, layi uku ne kawai a cikin _physics_process:

gudu += (-k * (tsayi - 1.0) - c * gudu) * delta
tsayi += gudu * delta
scale = Vector2(1.0 / tsayi, tsayi)

k shi ne ƙarfin sifirin ɗin, c kuma shi ne mai shanye girgiza, kamar shok na mota, delta kuwa shi ne ɗan lokacin da ke tsakanin taki da taki. Ka fara da k 200, c 10, za ta yi rawa wajen sau biyu a daƙiƙa ta lafa, in ka kai c wajen 28 rawar ta mutu gaba ɗaya sai ta koma kamar tuwo ya huce, in ka sauke shi zuwa 4 kuma ta zama kamar farfesun ƙafar saniya da ya kwana ya daskare, ka taɓa ya yi ta kaɗawa. Sai duk sanda ta sauko ƙasa ka bugi "gudu" da lamba gwargwadon saurin faɗowarta, faɗuwa daga sama sosai ta baje sosai, ɗan tsalle ta ɗan motsa kawai. Wannan ne ya sa ya fi zanen hannu, ba ya maimaita kansa. Idanunta kuma ka raba su da jiki ka ba su nasu sifirin mai laushi don su riƙa makara kaɗan a baya, jiki ya tsaya ido bai gama isowa ba. Wallahi wannan 'yar makarar ita ce rabin ran halittar.

In kana so ta wuce nan, ta riƙa matsewa ta shige rami ko ta kwanta a kan kwanar dutse, sai ka yi zobe na ɗigo 12 zuwa 16, kowanne haɗe da maƙwabcinsa da sifirin, ka auna faɗin filin da zoben ya kewaye a kowane firem, in ya ragu ka tura ɗigon waje kamar iska a taya. Ka motsa su da lissafin Verlet, wanda Thomas Jakobsen ya yaɗa a tsakanin masu gem a 2001 bayan aikinsa a Hitman na farko, ya fi jure wahala. Gish na 2004, wanda ake wasa da dunƙulen kwalta, irin wannan jikin ne na ɗigo da sifirin. Sai dai ka tambayi kanka ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu, don zoben nan yana da halin murɗewa ya juya cikinsa waje in ya bugi kusurwa da gudu. Na taɓa ɓata kusan mako biyu a kan wannan a wani aiki da aka ba ni, ƙarshe na koma hoto guda da sifirin, wanda ya ba da aikin ma bai lura an canza komai ba. In halittarka abokiyar gaba ce da za a kashe cikin daƙiƙa uku, layi ukun can sun ishe ta.

Kududdufi kuma abin dariya ne don sauƙi. Ruwan da ke kwance samansa kaɗai ke motsi. Ka jera ɗigo 40 zuwa 60 a layi, kowanne sama da ƙasa kawai yake yi a kan sifirinsa, kowanne yana ɗan jan na damansa da na hagunsa don igiyar ta yaɗu, ka cike ƙasansu da Polygon2D. Abu ya faɗa ciki, Area2D, mai gano abin da ya shigo yankinsa, ya sanar da kai, ka danna ɗigon da ke kusa ƙasa gwargwadon gudunsa, ka watsa 'yan ƙwayoyi goma sama. Ruwan sha igiyarsa na gudu da sauri ta daɗe tana kai da kawowa, ruwan guba mai kauri kuma ka rage yaɗuwar ka ƙara shok, ya lotsa ya dawo a hankali kamar kunun da ya sha gari.

Yanzu bututun, inda waken naka yake. Nan ne kaɗai ƙwayoyi ke da hujja, kuma ko nan sai ka yi wa kanka tambaya ɗaya: ruwan nan yana cikin wasan ne ko ado ne? A Where's My Water? na Disney na 2011 ruwan shi ne wasan gaba ɗaya, kai kake haƙa masa hanya, dole a san inda kowace ƙwaya take. A Portal 2 ma fentin nan shuɗi mai sa tsalle da mai launin ruwan lemo mai sa gudu suna canza yadda ake wasa. In naka ado ne kawai, yana zuba yana ɓacewa cikin kududdufi, to GPUParticles2D ko ma hoto mai gangarowa a sheda ya wadatar. Amma ka sani GPUParticles2D ba ya dawo wa kod ɗinka da matsayin ƙwayoyinsa, ba za ka iya cewa "wannan ɗigon ya taɓa ɗan wasa" ba, sai dai ka ɗora Area2D a kan hanyar zubar.

Abin da ke mayar da wake ruwa sunansa metabol, dabarar Jim Blinn ce tun 1982, kuma ba a lissafin motsi take ba, a zane take. Maimakon ka zana kowace ƙwaya da'ira mai kaifin baki, ka zana ta kamar hasken fitila a hazo, tsakiya fari tas, gefe yana dusashewa har ya ɓace. Ka zana su duka a SubViewport, wato wani allon ɓoye daban, mai bango marar launi, a yanayin da haskensu ke taruwa in sun hau juna. Sannan ka ɗora hoton a allo da sheda mai yanka, duk inda alfa, wato ma'aunin yadda fiksel ke rufe abin da ke bayansa, ya wuce rabi launin ruwa ne, inda bai kai ba a bar shi fanko. smoothstep(0.45, 0.55, a) zai ba ka baki mai santsi ba zago-zago. Abin da zai faru shi ne ƙwaya biyu in suka kusanci juna, gefensu da kowanne shi kaɗai bai kai rabi ba sai ya haɗu ya wuce, sai ka ga wuya ya fito a tsakaninsu sun haɗe kamar ɗigon mai a kan miya. Ranar da na fara ganin wannan ya yi aiki na fi minti goma ina jan linzamin kwamfuta ina kallo kawai. Kuma ka sa hoton kowace ƙwaya ya ninka girmanta na lissafi sau biyu ko uku, in ba haka ba ba za su haɗe ba, wake mai launi kawai za ka samu.

Ga kuma garaɓasa, SubViewport ɗin ba sai ya kai girman allo ba. Allon 720 da 1600 fiksel 1,152,000 ne, in ka raba kowane gefe biyu ya koma 288,000, kashi ɗaya cikin huɗu na aikin, kuma tunda abin dama dishi-dishi ne kafin yanka ba wanda zai gane. Wannan yana da muhimmanci don abin da ke kashe GPU na ƙananan wayoyi, irin su Mali da PowerVR, shi ne zana hotuna masu wuce haske a kan juna sau da yawa a wuri guda. Ƙwayoyin kuma ka zana su da MultiMeshInstance2D, kira ɗaya ga GPU maimakon ɗaruruwa.

Motsin nasu kuma ka cire shi daga hannun RigidBody2D kwata-kwata. An gina shi ne don akwati da dutse, yana lissafin juyawa da gogayya da abubuwan da ɗigon ruwa bai damu da su ba. Ka riƙe matsayi da gudu a PackedVector2Array ka yi lissafin da kanka. Sannan ka kula da wannan, ƙwaya 500 in kowacce za ta duba kowacce, gwaji 124,750 ke nan a firem guda, kai kuma a firem 60 a daƙiƙa milisakan 16.6 kacal gare ka na gem ɗin duka. Maganin shi ne ka yanka fili gida-gida kamar dara, kowace ƙwaya ta duba gidanta da takwas na kewaye kawai. Kuma gaskiya 500 ya yi yawa, da metabol ƙwaya 120 zuwa 150 manya sun fi 500 ƙanana kyau, GDScript, yaren kod na Godot, kuma ba shi da saurin juya dubban lissafi a firem, kada ka matsa masa. Wadda ta faɗa kududdufi ka mayar da ita bakin bututu a sake amfani da ita, ka daina ƙirƙira da gogewa.

A nan halaye ukun kicin za su dawo. Ƙwayoyi in sun matsu su ture juna, in sun ɗan yi nisa su ja juna kaɗan, wannan ya ba ka ruwa. Kauri kuma shi ne kowacce ta riƙa karkata gudunta zuwa matsakaicin gudun maƙwabtanta, kaɗan ruwa ne, da yawa zuma ce, don ba mai iya guduwa ya bar 'yan'uwansa. Yauƙi shi ne mai daɗin, in ƙwaya biyu suka kusanci juna ka ƙulla musu sifirin na wucin gadi, in aka ja su a hankali tsawon hutunsa ya riƙa ƙaruwa yana bin jan, in ya wuce iyaka ya tsinke. Wannan ita ce dabarar da Simon Clavet da abokan aikinsa na jami'ar Montreal suka wallafa a 2005, kuma har yau ita nake ba duk wanda ke son ruwa mai yauƙi a 2D, don ta fi SPH na asali, wata tsohuwar hanyar lissafin ruwa da ƙwayoyi, sauƙin rubutawa, shi SPH dama masana taurari ne suka ƙirƙiro shi a 1977 don lissafin iskar gas ta taurari, daga baya masu gem suka are shi. Danƙo kuma sifirin ne tsakanin ƙwaya da bango, sai nauyi ya rinjaye shi ta gangaro.

Akwai ma gajeriyar hanya ga zaren kuɓewar nan. In halittarka ta tashi daga ƙasa, ka ja Line2D daga inda ta bari zuwa gindinta, faɗinsa kauri a bakin biyu siriri a tsakiya, yana ƙara siranta da nisa, ya kai wani tsawo ya tsinke, kowane rabi ya koma gefensa cikin firem biyar ko shida, ka saki ɗigo biyu su faɗo. Ba ƙwayoyi ba lissafi, amma duk wanda ya gani zai ce abin nan yana da yauƙi.

Gargaɗi ɗaya a kan duk abin da ke da sifirin, ka bar shi a _physics_process mai tsayayyen taki, kada ka kai shi _process. In waya ta yi sanƙarewar daƙiƙa guda delta ya kumbura, sifirin mai ƙarfi sai ya harba ƙwayoyinka su fice daga duniyar gem ɗin. In kana son sifirin mai tauri, ka raba takin gida biyu ko uku a cikin firem, kuma ka sa wa gudu iyaka.

Launi kuma, kore ɗaya shimfiɗe fenti ne, ba jiƙaƙƙen abu ba. Abin da ke ce wa ido "wannan a jiƙe yake" ɗan farin ƙyalli ne ƙarami mai kaifin baki a gefen da haske ke fitowa, ba babba mai dishi-dishi ba, wannan na roba ne. Sai tsakiya ya yi duhu, gefe ya yi haske ya ɗan karkata zuwa ruwan ɗorawa, don inda abu ya yi siriri haske ya fi ratsa shi, ɗaga kwalbar zuma a rana ka gani. A metabol wannan kyauta ne, alfar da ka yanka da ita tana gaya maka kaurin wurin, tsakanin 0.5 da 0.6 ka yi bakin layi, sama da nan ka duhunta, in ka gwada alfar fiksel na dama da hagu da sama da ƙasa kuma ka samu inda fuskar ke kallo, daga nan ƙyallin zai fito. Ka jefa 'yan kumfa uku huɗu a ciki suna hawa a hankali. Karkatar da hoton bango ta cikin jikin, da hint_screen_texture, yana da kyau sosai amma sai an kwafi allo, don haka ka bar shi na ƙarshe, ka kuma sa masa makunni a saitin gem don mai ƙaramar waya ya kashe.

Fashewar halittar in an kashe ta, ni ban ga dalilin lissafa ta kai tsaye ba. Ka yi ta sau ɗaya a manhajar Blender da Mantaflow, injin lissafin ruwan da ke cikinta tun sigar 2.82, ko ka zana da hannu, ka jera firem 64 a hoto guda na 1024, takwas-takwas, kowanne fiksel 128, ka riƙa juya shi kana canza girmansa don kar a gane maimaici. Tabon da za ta bari a ƙasa kuma ka buga shi a hoto guda na filin maimakon tara ɗaruruwan Sprite2D, in ba haka ba bayan minti goma na wasa tabon ne zai cinye maka firem.

Kada ka manta da sauti, don in ka kashe shi rabin yauƙin ya tafi. Ka tsoma hannu a ƙullu ko jiƙaƙƙen sabulu ka matse, ka ɗauka da waya a ɗaki shiru, ka yanko guda biyar shida, ka riƙa canza pitch_scale, wato kaifin sautin, tsakanin 0.9 da 1.1 kowane tsalle.

Ka fara da layi ukun halittar yau ɗin nan, gobe kududdufi, metabol ya zo na uku. Ka zaɓi Compatibility a saitin zane tunda ƙananan wayoyi kake hari, sannan gwajin ka yi shi a waya mafi arha da za ka iya ara, ba a kwamfuta ba, kuma ka bar gem ɗin ya yi minti goma sha biyar yana gudana kafin ka duba lambar firem, don waya in ta yi zafi da kanta take rage gudun injinta, lambar minti na farko ba ita ce ta gaskiya ba. In firem ya sauka ƙasa da 30, ka fara rage girman SubViewport kafin ka rage yawan ƙwayoyi, in firem ya dawo to GPU ne ya gaji, in bai dawo ba lissafin maƙwabtan ne, sai ka turo min wannan ɓangaren kod ɗin mu duba shi tare.